Me ake nufi da "kare bayanai", kuma wa ake karewa?

Tun ranar 12 ga Yuni, 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wannan magana ta shiga bakin 'yan jarida, kusan kullum sai ka ji an ce an ci wani kamfani tara ko ana bincikensa. Amma in ka ɗaga zancen a majalisar 'yan uwanmu a nan Legas, a Agege ko Idi-Araba ko cikin kasuwar Mile 12, amsar da za ka fi ji ita ce: "To ni me gare ni da za a sata? Wannan ai matsalar masu kuɗi ce." Ni ina ganin akasin haka. Mai kuɗi yana da lauya, yana da wanda zai karanta masa takarda kafin ya sa hannu. Ɗan dako da mai shayi da mai sayar da tumatir, wanda wayarsa ita ce bankinsa, ita ce shagonsa, ita ce hanyarsa ta gaisawa da gida, shi ne wanda in aka taɓa bayanansa aka taɓa komai nasa.

Bayanan mutum, a idon doka, su ne duk wani abu da za a bi a gano cewa kai ne. Sunanka, lambar wayarka, hotonka, unguwar da kake kwana, lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN) da lambar tantancewa ta banki (BVN), lambar asusun banki, lambar babur ko mota, har da wuraren da wayarka ta nuna ka bi daga safe zuwa dare. Sau da yawa akan ce "bayanan sirri", sai mutum ya zaci sai abin da yake ɓoyewa ne kaɗai ake nufi. Ba haka ba ne. Lambarka tana iya zama a rubuce ɓaro-ɓaro a jikin shagonka don masu ciniki su kira ka, wannan bai ba wani kamfani damar kwashe ta ya haɗa da dubban lambobi ya sayar wa masu talla ba.

A cikin bayanan akwai waɗanda doka ta ware ta ce a ƙara yi musu kaffa-kaffa: zanen yatsu da siffar fuska da ake ɗauka da na'ura, lafiyar mutum, ƙabilarsa, addininsa, ra'ayinsa na siyasa. Duk Bahaushen da ya taɓa neman ɗakin haya a Legas aka fara tambayarsa daga ina ya fito kafin a faɗa masa kuɗi, ba sai an yi masa dogon bayani kan dalilin ware ƙabila da addini ba.

To mene ne "karewar"? Mu ɗauki abin da kowa ya sani, wato ajiya. Ɗan kasuwa zai tafi gida hutun sallah, sai ya bar kayansa ko kuɗinsa a hannun maƙwabcinsa na rumfa. Kayan suna hannun maƙwabci, amma ba su zama nasa ba. Ba zai juya su don amfanin kansa ba, ba zai ba wani aro ba tare da ya tambaya ba, ran da mai su ya ce a ba shi dole a ba shi, in kuma ɓarayi sun fasa rumfar, haƙƙi ne a sanar da shi da wuri. Kusan haka dokar ta ɗauki banki da kamfanin waya da asibiti da makaranta da manhajar da ke cikin wayarka. Abin da suka karɓa daga gare ka amana ne, an ba su ne don wani aiki sananne. Ba a yarda su karɓi fiye da abin da aikin ke buƙata ba, ba a yarda su riƙe shi har abada bayan buƙatar ta wuce ba. Kana da ikon tambayar me suka ajiye a kanka, ka ce a gyara in akwai kuskure, ka nemi a goge in babu dalilin ci gaba da riƙewa. Idan aka yi musu kutse irin wanda zai iya cutar da mutane, awa 72 doka ta ba su su sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, NDPC, wadda Dakta Vincent Olatunji ya zama shugabanta na farko.

Inda igiyar take yawan tsinkewa shi ne wajen amincewa. Ka sauke manhaja, ta jero maka rubutu mai tsawo da Turancin lauyoyi, a ƙasa ga madanni ɗaya. Ka danna don ka wuce. Daga nan kamfani ya ce ai ka yarda. Dokar 2023 ba ta ɗauki wannan a matsayin magana ta ƙare ba. Yarda sai ta zama da sanin abin da aka yarda da shi, ba tilas, kuma a kan abu takamaimai. Shiru ba yarda ba ne a wurinta. Mutum yana iya janye yardarsa daga baya, kuma bai kamata janyewar ta fi bayarwar wuya ba. Kamfanin ne ma aka ɗora wa nauyin kawo hujjar cewa ka yarda. Sai dai a yi adalci: ba komai ne sai da yardarka ba. Banki zai nemi BVN ɗinka ko ka so ko ka ƙi, saboda tun da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da tsarin a 2014 ya zama ƙa'idar da aka ɗora masa. Abin da ba a ba shi dama ba shi ne ya ɗauki abin da ya karɓa don buɗe asusu ya kai shi wata kasuwar.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar manhajojin ba da bashi. Kowa a garin nan ya san yadda abin yake tafiya. Kuɗin haya ya taso, ko yaro ba lafiya, mutum ya ga talla: bashi cikin minti biyar, ba jingina, ba mai tsaya maka. Ya karɓi dubu goma ko ashirin na mako ɗaya ko biyu. Kafin a turo kuɗin, manhajar ta nemi izinin shiga lambobin wayarsa da hotunansa da saƙonninsa, ya danna. Ranar biya ta wuce da kwana ɗaya, sai saƙo ya fara sauka a wayar surukinsa a Katsina, da limamin masallacinsu, da maigidansa na kasuwa, da wata tsohuwar abokiyar ciniki da ya manta ma yana da lambarta. Ga hotonsa, a ƙasa an rubuta ɓarawo ne, ana nemansa, kowa ya yi hattara da shi. Akwai waɗanda har sanarwar mutuwa aka haɗa musu da hotonsu alhali suna raye. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma mutumin da aka yi wa haka sai ya kasa shiga sahun salla, ya kasa ɗaga wayar gida.

Ku lura da abu ɗaya a nan, domin shi ne zuciyar maganar. Ko da a ce mai cin bashin ya yarda da komai da saninsa, surukinsa bai yarda ba, liman bai yarda ba. Lambobinsu bayanansu ne, ba na wanda ya ajiye su a waya ba. Ba wanda zai iya bayar da yarda a madadin mutum ɗari uku da ke cikin wayarsa. Shi ya sa tun kafin dokar yanzu, a ƙarƙashin ƙa'idar da hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ta fitar a 2019, aka ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 a watan Agustan 2021 kan irin wannan aika saƙo. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu irin wannan bashi a Ikeja. Daga ƙarshen Mayun 2023 kuma Google ya hana manhajojin bashi da ke rumbun manhajojinsa na Play Store shiga lambobi da hotunan mutane. Abin ya ragu, bai mutu ba. Wasu sun koma turo manhajar ta WhatsApp ko ta wani shafi, inda babu mai tace su.

Wani ɓarin kuma da hannunmu muke yi. Je shagon ɗaukar kwafin takardu ka duba kwandon shara ko ƙarƙashin tebur: kwafin takardar NIN da bai fito da kyau ba, fom ɗin banki mai ɗauke da suna da ranar haihuwa da sunan mahaifiya, duk a zube. Wasu takardun a hannun mai tsire ko mai ƙosai suke ƙarewa, a naɗe maka kaya da tarihin wani bawan Allah. Ga kuma saƙonnin "tallafin gwamnati" da ke yawo a zaurukan WhatsApp, a cike suna da BVN da lambar asusu. Ga samari masu bin kasuwanni suna cewa kawo NIN ɗinka a ɗauki hotonka a ba ka ɗan wani abu. A 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi cewa ana sayen irin waɗannan bayanai daga hannun mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, a je a buɗe asusu da su a yi damfara. Ran da aka biyo sawun kuɗin, sunan wanda ya karɓi dubu biyun ne a jikin asusun, shi za a fara nema. Ba na ganin laifin wanda yunwa ta sa ya miƙa katinsa kamar yadda nake ganin laifin kamfanin da ya buɗe asusu bai tabbatar da mai shi ba, amma wahalar a kan talakan take sauka.

Sai manyan giwaye. A watan Yulin 2024 FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 bayan bincike na wata 38 da ta yi tare da NDPC. Daga cikin zarge-zargen akwai raba bayanan 'yan Najeriya ba tare da izini ba, da hana su zaɓin da ake ba mutanen wasu ƙasashe. Meta ya musanta ya ɗaukaka ƙara, kotun sauraren irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da tarar a watan Afrilun 2025, kamfanin kuma ya nuna cewa zai iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya. Wannan barazanar ita ta fi nuna inda ƙarfi yake. Matar da ke sayar da atamfa da turaren wuta daga ɗakinta a Agege, dillalin da ke tura hoton raguna ga masu saye a Lekki, in an ce musu ko ku yarda da sharuɗɗanmu ko ku bar manhajar, wane zaɓi aka ba su? Duk abokan cinikinsu suna can. Yardar da mutum ya bayar don ba shi da wata ƙofa, ni ban kira ta yarda ba, kuma a nan ne nake ganin dole hukuma ta tsaya wa mutane, tunda ɗaiɗaikunmu ba mu isa mu yi ciniki da kamfanin da ya fi ƙasashe da yawa kuɗi ba. Turai ta yi haka da dokarta da ta fara aiki a watan Mayun 2018, wadda tamu ta ɗauko abubuwa da dama daga cikinta.

Amma wanda ya fi kowa tara bayananmu a ƙasar nan gwamnati ce. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa layin waya da NIN, mutane suka yi ta kwana a layi, aka ɗauki yatsu goma da fuska. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce an lamunce wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Duk da haka a 2024 ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet ta Paradigm Initiative da ke nan Legas ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100. Hukumar NIMC, mai ba da lambar NIN, ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko ta wace ƙofa bayanan suka fita, abin da ya dame ni shi ne wannan: lambar sirrin katin banki in ta fita sai ka canza, zanen yatsa ba ya canzuwa. Dokar kuma ta sassauta wa hukumomi a kan abin da ya shafi tsaron ƙasa da binciken laifi. Akwai hujja a hakan, ba na musu, sai dai mun san yadda kalmar "tsaro" take faɗi a bakin mai iko. Hukumar da za ta iya cin kamfanin waje tara, ina son in ga ranar da za ta hukunta 'yar uwarta ta gwamnati da irin wannan ƙarfin.

Tarar da doka ta tanada ga manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ƙananan kuma miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Wanda aka cutar yana iya kai ƙorafi NDPC, yana kuma iya zuwa kotu neman diyya. A takarda wannan ya yi kyau. A aikace, ƙorafin rubutu ne da Turanci ta intanet, wanda aka fi zalunta kuwa sau da yawa da saƙon murya yake mu'amala. Ya kamata hukumar ta buɗe hanyar karɓar koke da baki cikin Hausa da Yarbanci da Ibo, sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni a Legas kuma su nemi hakan a hukumance, su ware ko da matashi ɗaya mai ilimi da zai riƙa rubuta wa mutane kokensu.

Kafin a kai nan, wanda manhajar bashi ta tozarta kada ya goge saƙonnin don ɓacin rai. Ya ɗauki hotonsu, ya nemi waɗanda aka tura wa su turo masa nasu, ya rubuta sunan manhajar da lambar da ta aiko da ranar, ya kai wa FCCPC da NDPC duka biyu. Ya shiga saitin wayarsa ya cire wa manhajar izinin ganin lambobi da hotuna. Kai ƙara ba ya sauke bashin, abin da ya ci yana nan a wuyansa sai ya biya, amma tozarcin da aka yi masa da mutanensa shari'a ce daban, kuma a wannan kamfanin ne zai amsa tambaya.