Waiwaye: Doguwar hanyar da ƙ, ɗ da ɓ suka bi kafin su bayyana a baƙin allon kwamfuta

Kwamfutocin da muke koyarwa da su a makarantarmu, a wani ƙauye da ke yankin Ringim a Jihar Jigawa, duk na gwanjo ne. Fuskokinsu ƙanana ne, ƙarfinsu kaɗan, shi ya sa muka ɗora musu Linux, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, kuma yawancin aikin a tagar umarni ake yin sa, wato baƙin allon nan da ake buga rubutu zalla. Ran nan wani ɗalibi ya buga "ƙauye", sai wani ɗan akwati ya fito a gurbin ƙ. Ya juyo ya ce, "Malam, ita ba ta jin Hausa ne?" Amsar wannan tambaya ta girme shi, ta ma girme ni.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ya san yadda ake ƙirga gida-gida kafin a soka allura: nan a cika da zare, nan a bar shi fili. Haka haruffan ɗigo-ɗigo na allon kwamfuta suke. Kowane harafi yana da ɗan fili mai ƙayyadaddun gidaje, misali 8 a kwance 16 a tsaye, mai zanen ya zaɓi ɗigon da zai haskaka da wanda zai mutu. Babu lissafi, babu miƙewa. Yadda aka zana shi haka zai fito.

Da haka aka faro. Na'urar VT100 da kamfanin DEC ya fitar a 1978 allo ce da madannai kawai, tana nuna layi 24, kowanne da gurbin harafi 80, siffofin haruffan kuma a kafe suke cikin ƙwaƙwalwarta. Tagar umarnin da muke buɗewa yau kwaikwayon irin wannan na'ura take yi. Haruffan da ta sani na tsarin ASCII ne, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, mai gurbi 128 kacal. Kwamfutar IBM ta 1981 ta faɗaɗa zuwa 256, aka cika ƙarin da haruffan Turai da layukan zana akwati. Mu kuwa baƙaƙenmu masu ƙugiya sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta yaɗa su. Sun girmi kwamfuta, amma da aka zo rabon gurabe ba a kira su ba. Daga nan ne muka saba rubuta k' da d', ko mu bar ƙugiyar gaba ɗaya, har "ƙasa" da "kasa" suka zama abu guda a idon mai karatu. Wannan asara tana damuna ƙwarai, domin ina ganinta kullum a littattafan ɗalibaina.

Unicode, tsarin lambobin haruffa na duniya da ya fito a 1991, shi ya ba kowane harafi lambarsa. Sai dai akwai abin da ba kowa ya lura da shi ba: ba a unguwa ɗaya aka ajiye baƙaƙenmu ba. Ƙaramar ƙ tana U+0199, cikin rukunin ƙarin haruffan Latin, tare da manyan Ɓ, Ɗ da Ƙ. Ƙananan ɓ da ɗ kuwa suna U+0253 da U+0257, cikin rukunin alamomin masana furuci. Saboda haka mai zanen haruffa zai iya cika rukuni ɗaya ya tsallake ɗayan, ka ga ƙ ta fito lafiya, ɗ ta zama akwati. Lamba daban, zane daban. Samun lamba kamar samun fili ne, sai an yi gini kafin a shiga.

Masu ginin sun zo a ƙarshen shekarun 1990. Markus Kuhn ya jagoranci faɗaɗa tsofaffin haruffan X, wato tsarin da ke nuna tagogi a allo, irin su 6x13 (ɗigo 6 a kwance, 13 a tsaye), zuwa Unicode. A 1998 Roman Czyborra ya fara Unifont, wanda burinsa shi ne kowace alama ta samu zane a fili mai tsayin ɗigo 16. Ba shi ne mafi kyawun gani ba, amma duk baƙaƙenmu suna ciki, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke amfani da ita a inda mu muke rubuta 'y.

A daidai wannan lokaci duniya ta karkata ga haruffa masu miƙewa irin TrueType, waɗanda ake zana su da lissafi a kowane girma. A waya ko sabuwar kwamfuta sun fi kyau, babu musu. Amma a tsohuwar fuska mai ƙarancin ɗigo gefensu yakan yi dishi-dishi, ƙugiyar ɗ ta narke ta koma d. Harafin ɗigo-ɗigo kuwa tsaf yake fitowa, muddin an bar shi a girman da aka zana shi. Ga yaron da ke zaune a aji mai ƙarancin haske, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗora haruffan ɗigo-ɗigo ya ɗan ƙara wuya da tafiyar zamani. Wasu rassan Linux, irin su Debian da Ubuntu, sun daɗe suna zuwa da wani fayil, wanda sunansa na asali 70-no-bitmaps.conf ne, a cikin /etc/fonts/conf.d, wanda ke ɓoye irin waɗannan haruffa, sai an cire shi su bayyana. Sannan a 2019 Pango, manhajar da ke jera rubutu ga tagogi irin GNOME Terminal, ta kai siga 1.44 ta daina karanta tsofaffin fayilolin haruffan ɗigo-ɗigo, wato BDF da PCF. Mafita ita ce a juya su zuwa nau'in fayil na OTB da manhajar fonttosfnt, a zuba a ~/.local/share/fonts, a buga fc-cache -f, sannan a zaɓi sunan harafin da ainihin girmansa. Ita xterm, wata tagar umarnin ta daban, ba ta bar tsohuwar hanya ba: a rubuta sunan harafin a ~/.Xresources, a loda da xrdb. Allon Linux na asali, wanda babu tagogi, yana amfani da setfont, kuma ba ya ɗaukar zane fiye da 512 a lokaci guda, don haka sai an duba ko namu suna cikin waɗanda aka zaɓa. Duk wannan sai tsarin yana kan UTF-8, wato hanyar adana rubutun Unicode, in ba haka ba ko wane harafi aka ɗora shirme zai fito.

Mu Unifont muka ɗora. Da yake intanet ɗinmu na waya ne kuma sai an nemi wurin da sabis yake, sau ɗaya na sauke fayil ɗin, muka bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya da filashi. Gwajin da nake ba ɗalibai kafin su amince da kowane harafi layi ɗaya ne: su buga "Ɗan ƙauye ya ɓoye ƙwarya", da ƙanana da manya, su matso kusa da allo su duba kowace ƙugiya.