Ƙaramin fiyano na yara: abin da za a duba kafin a ciro kuɗi

A shagunan kayan wuta na Garwa, Marwa da Njamena ba a rasa ƙananan fiyano, wasu a kwali, wasu a rataye kusa da rediyo da fitilun caji. Galibi sun shigo ta Duwala ne, ko kuma ta iyakar Najeriya. Ga tambayoyin da iyaye suka fi yi a kansu, da amsar da nake bayarwa.

Tambaya: Duk kamanninsu ɗaya, to me ya raba na wasa da na koyo?

Amsa: Abu biyu, kuma babu ko ɗaya da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Na farko, ko sautin ya zauna daidai. Na biyu, ko fiyanon yana iya fitar da sauti da yawa lokaci guda. Ɗora yatsu uku a kan madannai uku ka danna tare. Idan ɗaya kaɗai ya yi kuka, ko biyu, to kayan wasa ne, ko da an haɗa shi da makirfo da fitilu masu walƙiya. Yaro ba zai koyi haɗa sauti a kansa ba, kuma kunnensa zai saba da sautin da ya karkace, wanda gyaransa ya fi koyarwar farko wuya. Ƙananan Casio irin su SA-46 da SA-76 suna ɗaukar sauti takwas a tare, kuma wannan ya ishi mai farawa. Yawan muryoyi kuwa, wato a ce yana kwaikwayon kayan kiɗa ɗari ko ɗari uku, kada ya ruɗe ka. Yaro zai zaga su duka a ranar farko, daga nan ya tsaya a kan biyu ko uku.

Tambaya: Madannai nawa suka isa?

Amsa: Cikakken fiyano yana da 88, farare 52, baƙaƙe 36. Ƙananan da muke magana a kai suna zuwa da 32, 37 ko 44, kuma madannansu sirara ne gajeru. Casio SA-46 yana da 32, SA-76 yana da 44. Yamaha ta fitar da wasu uku a 2019 masu madanni 37, wato PSS-E30, PSS-F30 da PSS-A50. Mai 32 ya isa hannu ɗaya ya kaɗa karin waƙa. Da zarar an ce hannun hagu ya shigo, wuri ya ƙure. Don haka idan yaron ya kai shekara tara ko goma, ko kuma babba ne ke son koyo, ni shawarata a tsallake ƙananan gaba ɗaya a nemi mai madanni 61 masu cikakken faɗi, irin jerin PSR-E na Yamaha. Ya fi tsada, amma ba za a sake saye bayan shekara ɗaya ba.

Akwai kuma batun jin nauyin hannu: a wasu, in ka danna a hankali sauti ya fito a hankali, in ka buga da ƙarfi ya ɗaga. A cikin ƙananan Yamaha ukun nan, PSS-A50 ne ke da wannan. Ga ɗan shekara biyar ba dole ba ne.

Tambaya: Daga shekara nawa ya kamata a saya wa yaro?

Amsa: Daga lokacin da zai iya zama minti goma a kan abu ɗaya, galibi shekara biyar zuwa shida.

Tambaya: Da irin wutarmu, yaya za a yi?

Amsa: Nan ne yawancin fiyano ke mutuwa, ba a hannun yara ba. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, kuma idan ruwa ya ja baya a rani kowa ya san yadda wuta ke zuwa tana tafiya. A Njamena ma an san zancen. Ɗaukewar ba ita ce matsala ba, dawowarta da ƙarfi ita ke ƙona adafta. Saboda haka a cire daga soket da zarar an gama, kada a bar shi ya kwana a jone.

Abu na biyu ya fi wannan haɗari, shi ne ɗauko kowace adafta da bakinta ya shiga ramin. Kowane fiyano da ƙarfin da yake so: ƙananan Casio na yanzu suna cin bolt 9.5, jerin PSR-E na Yamaha bolt 12. Sannan akwai alkiblar wutar a bakin waya. Tsofaffin Casio masu bolt 9 da yawa, tsakiyar bakinsu ragi ne, wato alamar (−), alhali yawancin adaftocin kasuwa tsakiyarsu ƙari ne, wato alamar (+). In aka jona a juye, ana iya rasa fiyanon nan take. Alamar tana zane kusa da ramin, a duba ta, ko a kai wa mai gyaran rediyo ya duba.

Sauƙin da aka samu shi ne ƙananan Yamaha na 2019 suna karɓar wuta ta USB, wato fawa bankin waya ko ƙaramar sola ta gida tana tayar da su. Suna kuma aiki da batir huɗu masu girman yatsa, Casio SA kuwa shida. Batir mai arha yana zubar da ruwa ya ci ƙarfen ciki, musamman a zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a Garwa da Kusiri. In za a ajiye fiyanon na tsawon lokaci, a zare batiran.

Tambaya: Ƙurar hunturu fa?

Amsa: A ƙarƙashin kowane madanni akwai ɗan roba mai taɓa allon wuta. Ƙura ta shiga tsakani, madannin ya yi shiru. A rufe da tsohon zane, a ɗora a kan tebur ba a kan tabarma ba, kuma kada a bar shi a rana ko cikin mota.

Tambaya: A makaranta an koya wa yarona do, re, mi, amma littafin fiyanon ya ce C, D, E. Wanne ne daidai?

Amsa: Duka biyun, suna ne kawai ya bambanta. Makarantun Faransanci a Kamaru da Chadi suna bin do, re, mi, fa, sol, la, si. Masu Ingilishi suna kiran waɗannan bakwai ɗin C, D, E, F, G, A, B. Do shi ne C, kuma gano shi ba wuya: baƙaƙen madannai suna tafiya bibbiyu da uku-uku, farin da ke manne da hagun bibbiyun shi ne do. Amfanin sanin biyun babba ne a nan, domin darussan YouTube da ke fitowa daga Najeriya da baƙaƙen Ingilishi suke yi, malamin da za a samu a Gaundare kuwa da do re mi zai koyar. A liƙa ƴar takarda a kan madannai bakwai na farko, a cire bayan ƴan makonni kafin ido ya hana kunne aiki.

Tambaya: Zai iya kaɗa irin waƙoƙinmu, ko sai na Turawa?

Amsa: Zai iya, har ma ta nan ya fi kyau a fara. Karin waƙoƙin Hausa da na Fulani da yawa a kan sauti biyar yake tafiya, haka ma kiɗan Sudan da ake saurare sosai a Chadi. Baƙaƙen madannan nan kuwa sauti biyar ne suke maimaituwa. Ka ce wa yaro ya tsaya a kansu kaɗai ya lalubo waƙar da ya iya rerawa, ta gaɗa ko ta biki, za ka ga ya kamo ta da kunne tun kafin ya san sunan madanni ɗaya. Ba zai yi daidai da goge ko algaitar fadar lamido ba, domin su suna ratsa tsakanin sautuka, fiyano kuwa sai dai ya taka tsani-tsani. Amma kiɗan da ya cika finafinan Hausa da waƙoƙin biki na zamani ai a kan manyan ƴan'uwan waɗannan ƙananan fiyano ake haɗa shi, shi ya sa ake ce masa kiɗan fiyano.

Kada kuma a raina ƙanƙantarsu. Casio ta fara fitar da jerin fiyanonta mai suna Casiotone a 1980, kuma wani kiɗan da ke cikin ƙaramin MT-40 nata ne matasan Jamaika suka ɗauka a 1985 suka gina waƙar da ta sauya kiɗan ƙasarsu.

Tambaya: An kawo min na hannu da sauƙin kuɗi. In karɓa?

Amsa: Tsohon Casio ko Yamaha mai lafiya ya fi sabon da ba a san wanda ya ƙera shi ba. Sai dai a gwada a gaban mai sayarwa. A bi madannan ɗaya bayan ɗaya, fari da baƙi, kada a tsallake ko guda. A buɗe gidan batir a duba ko akwai tsatsa ko wani farin gari. A ƙure sauti a ji ko sifika tana karkarwa. A karanta sunan da kyau, domin na jabu kan sauya harafi ɗaya. In yana da ramin abin saurare na kunne, a gwada shi ma, uwar gida za ta buƙace shi tun a makon farko. Sannan a tambayi adaftarsa ta asali. In mai shago ya ce babu, a rage kuɗinta daga ciniki, a yi amfani da batir tukuna har a samo wadda ta dace.