Gurɓacewar Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Bayan Farkawa Daga Barci a Coreboot

Gurɓacewar ƙwaƙwalwa bayan barci matsala ce da bayanan da ke cikin RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, suke sauyawa tsakanin rufe murfin kwamfuta da buɗe shi. A yanayin barcin da tsarin ACPI, ƙa'idar sarrafa wutar kwamfuta, ya kira S3, ana kashe kusan komai, sai ƙwaƙwalwar kaɗai da ake bari da 'yar wuta tana sabunta kanta, domin ƙwayoyinta suna zubar da caji cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Coreboot, buɗaɗɗiyar manhajar tada kwamfuta da aka fara a shekarar 1999 da sunan LinuxBIOS a ɗakin bincike na Los Alamos a Amurka, ita ce ke fara aiki idan na'ura ta farka. Nan ne wuyar take, domin a tashin farko tana da 'yancin rubutu a ko'ina, amma a farkawa ƙwaƙwalwar cike take da kayan Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Dole ne ta yi amfani da saitin ƙwaƙwalwa da ta adana tun farko, kuma ta tsaya cikin yankin da ta keɓe wa kanta, wato CBMEM. Idan ta zarce ko da kaɗan, ko taswirar ƙwaƙwalwar da ta miƙa wa Linux ba ta nuna iyakar daidai ba, sai ta taka bayanan wani.

Alamomin ba sa bayyana nan take: burauza ta mutu bayan awa guda, ko fayil ya lalace wajen adanawa. Memtest86+, shirin gwada lafiyar ƙwaƙwalwa, ba kasafai yake kama wannan ba, tunda daga sabon tashi yake gwaji, ba daga barci ba.

Masu bincike sukan fara da rubuta kalmar core a cikin fayil ɗin /sys/power/pm_test, abin da ke sa Linux ya bi matakan barci ba tare da miƙa ragama ga coreboot ba. Idan matsalar ta ɓace, zargi ya koma kan manhajar tashi. Sannan a maimaita barci da farkawa sau da yawa da umarnin rtcwake, wanda ke sa kwamfuta barci ya kuma tashe ta da kansa, a karanta rahoton coreboot da umarnin cbmem. Zaɓin memory_corruption_check=1, da ake ba Linux lokacin tashi, yana sa shi duba kilobait 64 na farkon ƙwaƙwalwa duk daƙiƙa 60, yankin da manhajojin tashi suka daɗe suna ɓatawa.