Gidajen burkutu da mashayu a birnin Jos

Gidan burkutu wuri ne da ake dafa giyar dawa a kuma sayar da ita a cikin unguwa, galibi a tsakar gida ko a rumfa mai bencina. A Jos, babban birnin Jihar Filato, irin waɗannan gidaje sun fi yawa a unguwanni kamar Kabong, Tudun Wada da Jenta. Ko da yake masu zuwa ƙabilu ne daban-daban, Birom da Angas da Afizere da Anaguta da sauransu, Hausa ce ke haɗa su a ciniki da hira.

Sana'ar a hannun mata take. Mai gida takan jiƙa dawa, ta shanya ta a inuwa tana yayyafa mata ruwa har ta yi tsiro, sannan a busar, a kai niƙa. Garin ake damawa a dafa, a bar shi ya yi tsami, a sake ɗora shi a wuta cikin manyan tukwane ko durom, kafin a bar shi ya tashi. Aikin yakan ci kwanaki, amma abin da aka dafa ba ya jimawa: in ya wuce kwana ɗaya ko biyu sai tsami ya yi masa yawa. Dole ke nan a sha shi kusa da inda aka dafa, shi ya sa kowace unguwa take da nata gidajen. A ƙwarya ake sha, kuma mai saye yakan ɗanɗana tukuna. A gefe ba a rasa mai farfesu ko mai tsire.

Burkutu ya girmi garin. Mutanen tsaunukan Filato sun daɗe suna dafa shi don gayyar noma da biki da makoki. Angas suna ce masa mos. Haƙar kuza da Turawa suka faɗaɗa a farkon ƙarni na 20 ita ta mayar da shi hajar kasuwa, domin leburori sun taru daga ko'ina, ga shi gwamnatin mulkin mallaka ta hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai a Arewa. Su Turawan kulob-kulob suka gina wa kansu, irin su Plateau Club da Yelwa Club na Bukuru.

Mashayun giyar kwalba sun zo daga baya. Yankin West of Mines ya yi suna da su, kuma garin ya taɓa yin tashe da giyarsa mai suna Rock, ta kamfanin Jos International Breweries. Filato ba ta cikin jihohi 12 da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci daga 1999, don haka mashaya a fili take. Abin da iyaye da malaman Musulunci da na Kirista suka fi kuka da shi a yanzu shi ne goskolo, barasa mai arha da ke lalata matasa.

Rikicin Satumban 2001 tsakanin Musulmi da Kirista da waɗanda suka biyo baya sun raba mazauna garin bisa addini. A unguwannin Musulmi kamar Gangare da Unguwar Rogo, teburin mai shayi ne majalisar dare, ba mashaya ba.