Wane iyafis zan saya? Tambayoyin da 'yan uwa ke yi min a Legas

Aikina gyaran waya ne a Ikeja, kuma kusan kullum sai wani ɗan uwa daga Agege ko Idi-Araba ya turo min tambaya kan iyafis, irin mai roba da ake cusawa cikin kunne. Bari in haɗa su wuri ɗaya in huta.

Malam mai igiya zan saya ko na bulutut?

Fara duba gindin wayarka tukuna. Tun 2016 da Apple suka cire ramin jona iyafis na 3.5mm a iPhone 7 manyan wayoyi da yawa suka bi sahu, amma yawancin Tecno da Infinix da itel masu sauƙin kuɗi har yanzu suna da shi. In kana da ramin kuma aljihu ba nauyi, mai igiya ya fi maka, ba ruwansa da caji, NEPA su ɗauke wuta kwana uku bai dame shi ba, kuma a kuɗi ɗaya galibi sautinsa ya fi. Ga masu jin labarai kuma, rediyon FM na wayoyi da yawa ba ya kamawa sai an jona igiya don ita ce eriyarsa. Na bulutut daɗinsa a danfo ne, wato ƙananan bas ɗin haya na Legas, ba igiyar da za ta maƙale a jakar wani lokacin sauka, sai dai batirinsa ɗan mitsitsi ne, yana raguwa da tsufa kuma galibi ba a canza shi, ranar da ya mutu shikenan.

Na sayi mai tsada amma bes ɗin ba ya dukana, an cuce ni ne?

Ɗan uwa da wuya. Mafi yawan masu kawo min wannan ƙorafin matsalarsu robar bakin ce. A kwalin akwai roba kala uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, mutane sai su yar da sauran su zauna da wadda ta zo a jiki. Toh in robar ba ta toshe kunnenka ruf ba iska na fita ta gefe, kuma bes, wato sautin nan mai kauri, shi ne farkon abin da ke gudu, sai ka ji ganga ta koma kamar ana buga gwangwani. Gwada su ɗaya bayan ɗaya, ka ɗan ja kunnenka sama lokacin sawa, in ka ji hayaniyar waje ta ragu muryarka ta koma cikin kanka to ta zauna. Kar ka yi mamaki in kunnen dama ya so babba na hagu ya so matsakaiciya, ni ma haka nawa suke. Wallahi na sha ganin mai arha da ya zauna daidai ya kayar da mai tsada da ke lilo a kunne.

Wannan ANC ɗin ya kai kuɗinsa?

ANC tsarin kashe hayaniyar waje ne da ke cikin wasu iyafis. Ƙarar da ba ta canzawa yake kashewa, kamar injin bas ɗin BRT ko janaretan maƙwabci. Hon da ihun kwandasta yana kiran Oshodi Oshodi kuwa za ka ji su, sai dai a rage. In kullum kana cin awa biyu a gosulo ya yi. Amma don Allah cire ɗaya in za ka tsallaka titi.

Ya zan gane jabu?

A kasuwannin Computer Village da Alaba akwai na gaske akwai na jabu, duk a jere. In aka sa maka AirPods, iyafis ɗin Apple, a kuɗin da bai kai kwatan na asali ba ka san amsar, kuma kar hoton da ke fitowa a allon iPhone lokacin haɗa su ya ruɗe ka, na jabu ma sun iya wannan. Gara ka ɗauki Oraimo ko Soundcore ko JBL na gaske daidai ƙarfinka. Gwada kunne biyun da makirfon kafin ka biya, ka karɓi rasit. In kai mai dako ne ko mai zufa nemi wanda aka rubuta IPX4 ko sama, alamar yana jure zufa da fantsamar ruwa ke nan.

Kunnena yana yin ziii in na cire, lafiya?

Ba lafiya ba, ka ƙure ƙara ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya tsaya a desibel 80 (ma'aunin ƙarfin ƙara ne) na awa 40 a sati, kuma duk ƙarin ƙara lokacin raguwa yake sosai. Nan ma robar ce ke ceto, in ta toshe da kyau ba sai ka kai ƙarshen maɓalli don ka danne hayaniyar kasuwar Mile 12 ba. Tsaya wajen kashi 60, ka riƙa ba kunnen hutu, ka daina aron na abokai, ka goge robar. In ziii ɗin ya kwana biyu bai tafi ba je ka ga likitan kunne.