Gidajen tsofaffi a Amurka: inda doka ta tsaya maka da inda ta bar ka

A Amurka, idan ƙarfin tsoho ya fara ja da baya kuma 'ya'ya duk suna wajen nema, wurare uku ake kawowa a magana. Akwai gidan tallafi, inda tsoho yake kama ɗaki haya, a dafa masa abinci, a taya shi wanka da sa tufafi, a miƙa masa magani kan lokaci. Akwai gidan jinya, na waɗanda ciwo ya kwantar, da ma'aikatan jinya dare da rana. Sai unguwar 'yan ritaya da ake taƙaita sunanta CCRC, wadda ta haɗa komai a fili ɗaya: ka shiga da ƙafarka kana zaman kanka, jiki ya yi rauni a mayar da kai ɓangaren tallafi, ciwo ya yi tsanani a kai ka ɓangaren jinya.

A ido duk gidan tsofaffi ne, amma dokar da take kan kowanne daban ce, kuma nan ne mutane suke faɗawa rami. 'Yan uwanmu da suke aikin kula da tsofaffi a can, da waɗanda suka ɗauko iyayensu daga gida, ya kamata su san bambancin.

Gidan jinya ne kawai gwamnatin tarayya ta riƙe da hannu biyu. Tun dokar gyaran gidajen jinya ta 1987, duk gidan da yake karɓar kuɗin Medicare (inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi) ko Medicaid (shirin lafiyar gwamnati na marasa ƙarfi) dole ya bi ƙa'idojin tarayya, kuma masu bincike suna zuwa ba tare da sanarwa ba. Ba a ɗaure majinyaci ko a ɗirka masa maganin barci don ma'aikata su huta. Ba a sallame shi sai da ɗaya daga cikin dalilai shida da doka ta lissafa, kamar ƙin biyan kuɗi ko rufe gidan, kuma a bisa al'ada sai an ba shi takardar sanarwa ta kwana 30 da damar ɗaukaka ƙara.

Gidan tallafi ba ya ƙarƙashin wannan doka. Kowace jiha ita take ba da lasisi, ita take faɗin horon da ma'aikaci zai samu da irin mara lafiyar da gida zai iya riƙewa. Abin da ya zama dole a wannan jiha, a maƙwabciyarta ba a ma ambace shi ba. A jihohi da dama, gida yana iya cewa buƙatun tsohuwa sun fi ƙarfinsa, ya ba ta wa'adi ta tashi. Wannan ya fi komai damuna, domin a gidajen tallafi ake ajiye da yawa daga masu ciwon mantuwa, waɗanda ba za su iya faɗin abin da aka yi musu ba.

Batun kuɗi kuma, yawancin mutane suna zaton Medicare zai biya. Ba ya biyan zaman gidan tallafi. Ko a gidan jinya, iyakarsa kwana 100 bayan an kwantar da mutum a asibiti aƙalla kwana uku, kuma daga kwana na 21 majinyaci yana biyan wani kaso. Medicaid ne yake ɗaukar doguwar jinya, amma sai dukiyar mutum ta ƙare, a yawancin jihohi ta sauko zuwa dala 2,000 ban da gidan zama da 'yan abubuwan da aka keɓe. Suna kuma duba shekara biyar baya. Idan Baba ya raba wa 'ya'ya kuɗinsa a cikin wannan lokaci, za a jinkirta taimakon gwargwadon abin da ya kyautar. A gidan tallafi, Medicaid yana iya biyan aikin kulawa a jihohi da yawa, amma kuɗin ɗaki da abinci yana kan mai shi. Iyayen da suka shigo da katin zama kuwa, dokar 1996 ta sa galibi sai sun yi shekara biyar kafin su cancanci Medicaid na tarayya.

Yanzu ga inda babban kuɗin yake, wato unguwar 'yan ritaya. Ka ɗauki tsohuwa mai shekara 78 da ta sayar da gidan da ta yi shekara 40 a ciki. Tana zaune a ofis mai sanyi, an kawo mata shayi, ga kwantiragi mai kauri a gabanta. Za ta biya kuɗin shiga, wanda sau da yawa yakan kai dala dubu ɗari da ɗoriya, wani lokaci ninkin haka, sannan kuɗin wata. An yi mata alkawarin cewa idan ta tashi ko ta rasu za a mayar da kashi 90 cikin ɗari na kuɗin shiga, ko kashi 50, ga ita ko magadanta.

Kwantiragin iri uku ne. Nau'in A ya fi tsada a farko, amma idan ta koma ɓangaren jinya kuɗin wata ba ya tashi sosai. Nau'in B yana ba ta wasu kwanaki ko ragi, bayan nan ta biya. A nau'in C kuwa, duk kulawar da ta buƙata za ta saya a farashin ranar.

Wa yake tsaron wannan kuɗi? Babu dokar tarayya da ta keɓe don shi. Ofishin binciken majalisar dokokin Amurka, GAO, ya gano a 2010 cewa jihohi 38 ne suke da dokar da ta shafi waɗannan unguwanni. A Florida hukumar inshora ce take sa ido, kuma mai sa hannu yana da kwana bakwai ya janye ya karɓi kuɗinsa. A Kalifoniya ma'aikatar walwalar jama'a ce, kuma akwai kwana 90 na soke yarjejeniya. Idan kamfanin ya karye, mazauna galibi suna cikin masu bin bashi marasa jingina, wato suna bayan bankuna da masu takardun lamuni a layi. Kamfanin Erickson, ɗaya daga cikin manya, ya je kotun fatara a 2009, aka saye shi unguwanninsa suka ci gaba. Unguwar Harborside da ke Port Washington a jihar New York kuwa ta je sau uku, a 2014 da 2021 da 2023. A ganina rashin adalci ne a ce wadda ta zuba kuɗin gidanta gaba ɗaya ita ce a ƙarshen layi.

Shi ya sa kafin a sa hannu, a nemi takardar bayanin kuɗi da rahoton masu binciken asusu, a duba ɗakuna nawa ne babu kowa. A tambaya yaushe ake mayar da kuɗin shiga, domin kwantiragi da yawa sun ce sai an sami wanda ya maye ɗakin, kuma hakan yana iya ɗaukar shekaru. A tambaya wa yake yanke hukuncin mayar da Mama ɓangaren jinya, ita ko likitan gidan.

Kai kuma ɗa, lura da inda kake sa hannu. Dokar tarayya ta hana gidan jinya tilasta maka lamuncewa da aljihunka kafin a karɓi mahaifinka, amma wannan kariya ba ta kai gidan tallafi ba. Wasu jihohi ma suna da tsohuwar dokar ɗora wa 'ya'ya nauyin iyaye: a 2012 kotun Pennsylvania ta sa wani ya biya kusan dala 93,000 na jinyar mahaifiyarsa.

Idan aka sami matsala, kowace jiha tana da jami'in sauraren koken mazauna, wanda suke kira ombudsman, a ƙarƙashin dokar tsofaffin Amurka. Aikinsa ya haɗa da gidajen tallafi, kyauta ne, kuma ba ya bayyana sunan mai koke sai da izininsa.