"Allah namiji ne?" da sauran tambayoyin da na gaji da amsawa

Wai matan nan masana tauhidi masu rajin 'yancin mata cewa suke yi Allah mace ne?

A'a. Akasarinsu cewa suke yi ba namiji ba ne, ba kuma mace ba. Ku riƙa karantawa kafin ku yaɗa magana.

To a kan me ake rigimar?

A kan harshe. A 1973 Mary Daly, Ba'amurkiya 'yar Katolika, ta rubuta cewa in Allah namiji ne, to namiji ya zama allah. Nufinta, in kullum Uba da Sarki kawai ake ji a coci, maza ke cin ribar. Ita ta fice daga Kiristanci, masana tauhidi irin su Rosemary Ruether da Elizabeth Johnson kuwa suka zauna ciki suna neman gyara.

Ba surutun Turawa ba ne kawai?

Mercy Amba Oduyoye 'yar Ghana ce, kuma a Accra ta tara mata masana tauhidi na Afirka a 1989.

'Yata ta ce tunda muna cewa "Shi", ai Allah namiji ne. Me zan ce mata?

Kwantar da hankalinki, ba saɓo ta yi ba, kada ki kai mata duka. Hausa ce ta ɗaure mu: ba mu da hanya ta uku, ko "shi" ko "ita". Rana mace ce a bakinmu, wata namiji, ba wanda ya ɗauke su mata da miji. Fara mata da wannan. In Musulma ce ke, ga ayar Suratus Shura: babu abin da ya yi kama da Shi. In Kirista ce, Ishaya 66:13 ya kwatanta ta'aziyyar Allah da ta uwa.

Amma kwatanci daban, sauya lafazin ibada daban. A 2008 fadar Fafaroma ta ce baftismar da aka cire "Uba da Ɗa" aka sa "Mahalicci da Mai Fansa" ba ta inganta ba. A Musulunci kuwa sunayen Allah ba a ƙirƙiro su. Ni dai bayani zan yi wa yarinya, in bar lafazin addu'a yadda yake, ko da yake wasu da nake girmamawa na ganin wannan tsoro ne kawai.

Me ya kawo "bayan zamananci" ciki?

Wani ra'ayi ne na falsafa (postmodernism a Turance). Masu wannan ra'ayi na tambayar kowace magana: wa ya faɗa, wa ya amfana? Matan suka ari tambayar. Matan ba su ce babu Allah ba, don Allah a daina turo mini wannan.